Kwalekwalen Butre: sa'o'i biyu a hannun ɗan masunci

A hutun makaranta na Disamba na kulle shago kwana uku, na kwashi uwargida da yara biyu daga Kumasi muka gangara bakin teku. Mun kwana Takoradi wajen ƙanena, washegari muka shiga trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Agona Nkwanta, daga nan tasi ta kai mu Butre. Ƙarshen hanyar akwai gargada, mai ciwon baya ya zauna gaba.

Butre ƙaramin ƙauyen masunta ne a ƙasar Ahanta, daidai inda kogi ke zubawa cikin teku. Ranar Talata muka isa, ranar da masunta a yawancin garuruwan gaɓar Ghana ba sa fita su. Kwalekwale na jere kan yashi, maza na zaune a inuwa suna ɗinkin taru, hayaƙin banda na tashi daga bayan gidaje. Muna sauka wani saurayi ya tare mu, ya ce shi ke kai baƙi yawon kogi da kuma kan dutse. Da Twi muka yi magana, yana haɗawa da Fante. Ya faɗi kuɗinsa sau ɗaya, na nemi ragi saboda yara, ya rage, kuma har muka rabu bai sake tayar da zancen kuɗi ba. Wanda ya saba da masu rakiyar baƙi a manyan wuraren yawon buɗe ido ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da dutsen muka fara tun rana ba ta yi zafi ba. A samansa akwai kangon sansanin Batenstein da mutanen Holan suka gina a 1656, shekarar da suka ƙulla yarjejeniya da sarakunan Ahanta a nan Butre, wadda ta ci gaba har 1872 da suka bar wa Ingila wuraren. Yana cikin sansanonin gaɓar Ghana da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979. Saurayin bai yi mana karatun hadda ba. Ya zaunar da yarana kan katanga ya ba su labarin Sarkin Ahanta Badu Bonsu na Biyu, wanda Turawan Holan suka rataye a 1838, suka tafi da kansa birnin Leiden na ƙasarsu, ba a dawo da shi gida ba sai 2009. Babban ɗana ya yi tsit, can ya ce, "Baba, shekara nawa ke nan?" Na ce ya lissafa da kansa. Ya ƙirga ya ce 171, bai ƙara cewa uffan ba har muka sauko.

Kogin ne ya fi tsaya mini a rai. Kwalekwalen na katako ne, ba inji, filafili kawai. Da muka bar bakin teku a baya, rugugin igiyar ruwa ya ɗauke, sai ƙarar filafili da kukan tsuntsaye. Itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri sun rufe gefe da gefe, saiwoyinsu a waje kamar yatsun hannu, ƙananan kaguwa na hawa suna sauka a kansu. Ya tsayar da jirgin ya nuna mana guza kwance kan reshe, wanda da ni kaɗai ne ko kusa ba zan gan shi ba. Ya tsoma hannu ƙarƙashin wata saiwa ya ce a nan 'ya'yan kifi ke fakewa kafin su girma su fita teku, shi ya sa tun da baƙi suka fara biyan kuɗi don ganin itatuwan, shi da abokansa ke hana a sare su a yi itacen banda.

A nan na tambaye shi me ya raba shi da kamun kifi. Ya ce bai rabu ba. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ƙananan kifin nan ke tasowa, yana bin jirgin mahaifinsa. Sai dai kifin ya ja baya ƙwarai. Manyan jiragen kamun kifi sun yi ta kwashe har 'yan ƙanana, su daskarar, su sayar a tsakiyar teku, abin da ake kira saiko. Man premix na injin kwalekwale da gwamnati ke rage wa masunta farashinsa ba kullum yake isowa ba. Tun da aka fara haƙo man fetur a rijiyar Jubilee da ke cikin teku a ƙarshen 2010 ba a barin kwalekwale ya matsa kusa da wurin. A 2019 kuma gwamnati ta fara rufe musu teku na wata guda don kifi ya hayayyafa. Kuɗin baƙi, in ji shi, shi ke riƙe gidansu idan taru ya dawo wayam.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba, kuma na faɗa masa ido da ido. Rigar ceto biyu ce kacal a jirgin, mu kuwa huɗu ne. Uwargida ta ce, "Maigida, a sa wa yara, mu Allah ya tsare." Haka aka yi, amma mai ɗaukar mutane a ruwa don kuɗi ya kamata ya tanadi ta kowa. Ledar ruwa da robobi sun taru a bakin kogin, ga kuma gadar katako da ake bi a tsallaka, wasu allunanta na motsi, sai da na riƙe hannun ƙaramar.

A tsallaken gadar masaukan baƙi suke, kuma can yawancin kuɗin ke tsayawa. Mun leƙa ɗaya daga ciki, na duba farashin farantin kifi na ga na masu dala ne, ga kwalaben giya a kan kowane tebur. Muka juyo. Saurayin ya kai mu wajen innarsa cikin ƙauye. Ta buɗe murhun banda irin na Chorkor, mai faifan waya da ake ɗorawa hawa-hawa, ta zaɓo mana kifi da ɗuminsa, ta haɗa da kenke, wato tuwon masara mai tsami, irin na Fante, da ɗanyen barkono da ta niƙa a gabanmu da albasa da tumatir. Ta ce kwanakin Disamba tana sayar wa baƙi a ƙofar gida abin da a da sai ta ɗauka zuwa kasuwar Agona Nkwanta. Da azahar ta yi, ban roƙa ba, ya kawo mana ruwan alwala a bokiti, innar ta shimfiɗa tabarma a bayan ɗakinta.

Wanda zai je ya isa da safe, ya riƙe ƙananan kuɗi a hannu, ya tambayi yawan rigunan ceto kafin ya sa ƙafa a jirgi, ya kuma ci abincin rana a cikin ƙauye. Na sayi kifin banda kwando guda na kai wa mahaifiyata Kumasi. Na kuma ce wa saurayin idan muka dawo hutun Agusta zan zo masa da rigunan ceto biyu daga Takoradi, ya ce lokacin yana teku, in bar su wajen innarsa.