Makarantar kuɗin unguwarmu: karatu akwai, amma ku riƙe aljihunku da kyau

Masu ta tambayata ta waya kan makarantar da na mai da yarana, ga amsa a dunƙule don na gaji da maimaitawa. Ba zan kama sunanta ba, 'yan unguwarmu dai sun san wacce nake nufi, wacce ke bayan masallacin Juma'a, gidan sama ne aka mai da shi makaranta, suna da nazare da firamare da ƙaramar sakandare, da yamma kuma Islamiyya.

Abin da ya fi burge ni shi ne malamai suna shiga aji. Kar ku yi dariya, wallahi abin da muke biya kenan. A firamaren gwamnatin da suke da, ajin babbar 'yata sai ka rasa inda za ka sa ƙafa, wasu a ƙasa wasu a bakin taga, malama ɗaya tana ta fama da murya, kuma ba laifinta ba ne, mace mai ƙoƙari ce har yanzu muna gaisawa, amma ta yaya mutum ɗaya zai duba littafin yara masu yawa haka? Yarinya tana aji huɗu ba ta iya haɗa baƙi ta karanta jimla. A nan kuwa ajinsu bai kai yara talatin ba, kowa da bencinsa, kullum sai an ba su aikin gida kuma ana makin da jan biro, har anti ta rubuta min a ƙasan shafi cewa Maman Hafsa a riƙa sa ta karanta da ƙarfi da daddare. Yanzu Hafsa ita ke karanta min rubutun jikin kwalin magani. Ɓangaren hadda ma ba laifi, malamin yana da tajwidi kuma ba ya duka, sai dai tsawa.

Toh sai maganar kuɗi, a nan ne fa gizo ke saƙa. Abin da za su gaya miki ranar da kika je sayen fom kuɗin zango ne kawai, kuma gaskiya bai fi na sauran makarantun unguwa ba. Sai kin sa ƙafa sannan takardu su fara biyo yaro a jaka. Littattafai dole a wajensu za ki saya, na ga irinsu sak a Sabon Gari da sauƙi amma sun ce sai mai hatimin makaranta, kuma na aikin ciki ne da ake rubutu a kansu, ƙani ba zai gaji na yayansa ba. Yunifom kala biyu, ga kayan wasanni na ranar Laraba alhali filin wasan ma babu, tsakar gida ce da siminti. Kuɗin lesin, kuɗin jarrabawa, kuɗin PTA wanda ban taɓa ganin an kira mu an ce ga abin da aka yi da shi ba. Ƙarshen shekara kuma fatin yaye ɗalibai, har ɗan nazare da ko sunansa bai iya rubutawa ba sai an yi masa hayar riga da hula. Motar makaranta kuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗinta bai sake zama waje ɗaya ba, mu dai mun haƙura mun haɗu mu uku mun kama mai adaidaita sahu.

Wani abin da bai yi min ba, ranar da aka fara korar kuɗin makaranta. A gaban 'yan aji ake kiran suna, yaro ya ɗau jaka ya fito yana sunkuyar da kai. Na samu mai makarantar na ce Alhaji don Allah ku riƙa kiran iyaye a waya, yaron me ya sani? Ya ce Hajiya in ba a yi haka ba ba sa biya, shi ma haya yake biya ga dizal ga albashi. Na fahimce shi amma ban yarda da shi ba. Kuma albashin da yake faɗa, wata anti ta gaya min abin da take ɗauka bai kai rabin mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da gwamnatin tarayya ta sa a 2024 ba, shi ya sa ba sa daɗewa, kina sabawa da malamar yaronki sai ki ji ta samu wani waje ta tafi.

Mijina har yau ba mu daidaita kan wannan magana ba. Shi a ganinsa duk mai ɗan hali da ya cire ɗansa daga makarantar gwamnati ya taimaka wajen kashe ta, don in 'ya'yan masu baki a unguwa suka fice ba wanda zai je ya tsare hedimasta ko ya taka har SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, kan rufin da ya yaye. Kuma yana da gaskiyarsa. A takarda ai ilimi kyauta ne kuma dole a Kano tun 2019 zamanin Ganduje, Abba Gida-gida ma ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, kasafin 2025 aka ware wa ilimi kashi 31 cikin ɗari, ga kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, da dokar 2004 ta tanada wanda sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Na ga an yi fenti an gyara wasu ajujuwa a tsohuwar makarantarsu, an kai bencina, ba zan ɓoye ba. Ni dai amsata gare shi ita ce yarinya ba za ta tsaya tana aji huɗu tana jiran gyara ya iso kanta ba.

Abin mamakin ma, yawancinmu da muke biyan kuɗin nan burinmu yaro ya gama aji uku na sakandare ya ci jarrabawar shiga makarantun kimiyya na gwamnati, irin Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka kafa tun 1977, inda likitoci da injiniyoyin Kano da yawa suka fito. Wato muna biyan ɗan kasuwa ne don ya shirya mana yaro ya koma hannun gwamnatin, inda ta zuba kuɗi da malamai. Mai makarantar ma ya san haka, har lesin na musamman yake yi wa 'yan aji uku don wannan jarrabawar, da kuɗinsa daban mana.

Wacce za ta kai yaronta, ni ban hana ba, musamman nazare zuwa firamare, a nan suka fi ƙarfi. Sakandarensu kuwa ban ga ɗakin gwaje-gwaje ba, kwamfutocin ma guda nawa ne kuma sai an kawo wuta. Kafin ki sayi fom ki ce su rubuta miki duk abin da za ki biya na shekara gaba ɗaya a takarda, har da fatin, ki kuma nemi ganin banɗakin yara da idonki, don na ƙasa kam ranar da na leƙa ba ruwa.