Suomi KP/-31: wacce za ka ɗauka in kana tara kayan tarihi?

To jama'a, maganar nan ta masu tara tsoffin bindigogin yaƙi ce, irin waɗanda aka kashe su ba sa harbi, kamar yadda ake yi a Turai bisa doka, kar wani ya ce ni na aike shi. Suomi dai ƙaramar bindiga ce mai sarrafa kanta, Aimo Lahti ne ya zana ta, kamfanin Tikkakoski ya ƙera, sojojin Finlan suka karɓe ta a 1931, kuma a yaƙin hunturu na 1939 zuwa 1940 ta ba sojojin Rasha wuya a cikin daji har sai da Rashawan suka kwaikwayi gidan harsashinta mai kama da ganga, mai cin harsashi 71, suka sa wa tasu bindigar, PPSh-41.

Ni dai in da kuɗi, ta asali zan ɗauka. Sassaƙa ƙarfenta aka yi da inji ba lanƙwasa fale-falen ƙarfe ba, shi ya sa take da nauyin tsiya, kilo 4.6 tun ba a sa mata harsashi ba, amma in ka riƙe ta ka san aiki aka yi. Sai ka duba lambar jikinta da tambarin SA na sojan Finlan, ka tabbatar ƙotar katakon ba sabuwa aka ɗora ba, don nan ake cutar mutane.

Akwai kuma SJR, wani samfurin Suomi ɗin, wadda aka ƙara wa wani ƙarfe a baki tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu don rage tsalle. An ce shi kansa Lahti bai so ƙarin ba. Ta fi tsawo kaɗan, ni kuwa ba ta burge ni.

Suomi ta Suwidin, m/37-39 ƙirar Husqvarna, bututunta gajere ne, kyakkyawa ce ba laifi, sai dai Suwidin ba ta shiga yaƙin ba, labarinta bai kai na waccan ba.

Sai KP/-44, wannan fa ba Suomi ba ce ko an ce maka ita ce, kwafin PPS-43 ta Rasha ce da Finlan ta yi don ta asalin ta cika tsada da cin lokaci, gidan harsashin Suomi kawai take ɗauka. Kar ka biya kuɗin Suomi a kanta, kuma ko wacce ce ka nemi takardar shaidar kashe ta kafin ka fitar da sisi.