Zogale ko lalo a saman bene? Amsa ga Hajiya ta Shara Mansur

Hajiya, kin ce gidan da kike a Makka babu fili sai saman bene, kina so ki shuka ganye guda, ko zogale ko lalo. Ni dai zogale zan ce ki fara da shi, amma ga yadda suke ki auna da kanki.

Lalo, wanda Larabawa ke kira mulukiyya, mai saurin biya ne. Cikin mako guda ya tsiro, bayan kamar mako 6 kin fara yanka. Ki bar tsawon taƙi ɗaya daga ƙasa, zai sake toho. Bokitin fenti da aka huda gindinsa ya ishe shi. Yana son zafi, amma ƙishirwa gare shi: a bazarar Makka da zafi ke haura digiri 40, sai an ba shi ruwa safe da yamma. Kuma kada ki shuka shi a watan Nuwamba tare da tumatir da latas. Idan yini ya gajarta, fure yake yi tun yana ƙarami, ganye ya tsaya. Lokacinsa daga Maris ne zuwa gaba.

Zogale kuwa bishiya ce, a bishiya za ki ɗauke shi. Saiwarsa doguwa ce mai kauri, ita ke riƙe masa ruwa, shi ya sa yake jure rashin ban ruwa na 'yan kwanaki, musamman idan hidimar aikin Hajji ta ɗauke hankali. Bokiti ya yi masa kaɗan. Ki samu rabin duro, ki huda gindin da kyau, ki haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen takin tumaki. Abin da ke kashe shi kwanciyar ruwa ne, saiwar ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya zube. Idan ya kai ƙugu ki datse kan. In ba haka ba zai miƙe siriri, iska ta karya shi, ganyen ma ya fi ƙarfin hannunki. Sai kin yi haƙurin wata 2 zuwa 3 kafin tsinka ta farko, daga nan kuma shekaru yake yi.

Wajen sayen iri ki lura. Akwai wani zogalen da ake nomawa a Al-Ula, wani gari a arewa maso yammacin Saudiyya, saboda man 'ya'yansa, ganyensa ƙanana ne ƙwarai kuma zubewa suke yi, ba na kwaɗo ba ne. Namu na gida za ki nema.

Ko wanne kika shuka, ki ɗora mazubin a kan bulo ko katako don simintin bene na dafa saiwa, ki sa ragar inuwa da rana tsaka. Duron kuma a jikin bango za ki ajiye shi saboda nauyi. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ba shi da gishiri, ki tara shi don ban ruwa.

Dalilin zaɓina shi ne kasuwa. Mulukiyya tana ko'ina a Saudiyya, ɗanya da ta firji, da araha. Ɗanyen zogale na kwaɗo da dambu ba kullum ake samunsa ba, busasshen da ake kawowa daga gida kuma bai kai shi daɗi ba. Amma in kina shirin tashi daga gidan bana, ki shuka lalo, don saukowa da duron zogale daga bene aiki ne babba.