Sharhi a kan faifan fim ɗin The Gumball Rally

Ba kasafai ake ambaton The Gumball Rally ba idan ana zancen finafinan barkwanci na tseren mota, domin The Cannonball Run na 1981, wanda Burt Reynolds ya fito a ciki, ya sha gabansa a wajen jama'a, alhali kuwa The Gumball Rally ya riga shi fitowa tun 1976, kuma dukansu biyu sun samo tushe ne daga haramtaccen tseren ƙetare Amurka da ɗan jaridar harkar motoci Brock Yates ya ƙirƙiro a 1971. Na sayi faifansa na Blu-ray, na kalla a natse, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Labarin ba shi da zurfi. Wasu masu ƙaunar mota ne suka tashi daga New York za su Long Beach a jihar Kalifoniya, wani ɗan sanda mai suna Roscoe yana biye da su yana ta shan kunya. Wani ɓangare na barkwancin ya tsufa, ba ya ba da dariya a yau.

Abin da ke jan masu tara finafinai zuwa gare shi shi ne motocin. Darakta Charles Bail, wanda ya fito daga cikin masu wasan kasada na fim, ya ɗora Cobra da Ferrari Daytona da Mercedes 300SL a kan titi na gaske, aka tuƙa su da gudu na gaske, babu dabarar kwamfuta ko ɗaya, kuma irin waɗannan motoci a yau kowace kan haura dala miliyan ɗaya a gwanjo, don haka da wuya wani mai shirya fim ya sake yarda a wahalar da su haka. Wurin da na fi so shi ne fitowarsu da sassafe, titunan New York fayau babu kowa, ƙarar injin Ferrari tana dukan dogayen gine-gine tana dawowa. Haka nan inda ɗan wasa Raul Julia, wanda ya fito a matsayin direban Ferrari, ya fizge madubin duba baya ya jefar, da kuma fafatawar Cobra da Ferrari a cikin kwarin kogin Los Angeles da aka daɓe da siminti.

Hoton faifan ya fita tas, har ana ganin ƙurar hanya a jikin fenti, amma wanda zai kalla ya haɗa talabijin ɗinsa da lasifika mai kyau, saboda rabin daɗin fim ɗin yana cikin sautin injinan ne.