Gargaɗi: wani mai kiran kansa "likitan bishiya" ya ci min naira 185,000, ya kuma illata maɗacin mahaifina

Assalamu alaikum jama'a. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, don wallahi kunya nake ji. Jiya da daddare aka ce min an ga mutumin a wata unguwa nan Kaduna da hular kwanonsa mai ruwan ɗorawa yana duba bishiyar wasu, shi ne na ce gara in sha kunyar in faɗa.

Naira 185,000. Ba fizga aka yi ba, ni na tura da yatsana, har sau uku.

Kuma kada wani ya zo yana ce min ai ni na yi sakaci. Shekara 17 ina koyarwa, ban taɓa saka sisi a irin harkar nan ta "zuba dubu 10 ka kwashi dubu 50" ba, ni ne ma mai hana mutane. Wannan mutumin ya zo da kati rataye a wuya, da riga mai sheƙi irin ta masu aikin titi, da igiya, da yara biyu. A shafinsa na Facebook hotunan aiki ne birjik. Ya ce a kwalejin gandun daji ta Afaka ya yi karatu, wadda kowa a Kaduna ya san da ita. Wa zai ce ƙarya ne? Daga baya da na tambaya ta hannun wani da ya yi karatu a can, babu wanda ya san fuskarsa. Sunan makarantar kawai ya ara.

Maɗacin nan marigayi Baba ne ya dasa shi a 1984 a ƙofar gida. A gindinsa aka ɗaura aurena, a gindinsa aka yi zaman makokin Baba. Tsofaffin layinmu har ɓawonsa suke ɗan sassaƙa su jiƙa in ciki ya ɓaci. Abin da ya dame ni reshe ɗaya ne tak, wanda ya miƙe ta kan katangar maƙwabcina ya kusa taɓa wayar wuta, ga damina ta ƙarato, kun san iskar hadarin farko ba ta da wasa. Reshe ɗaya na kira shi ya rage.

Ba na manta lokacin. Ya zagaya bishiyar sau biyu yana girgiza kai, ya ɗauki ƙotar gatari ya ƙwanƙwasa jikinta, ya kara kunne, ya ce, "Malam, zo ka ji. Ka ji ko? Ciki ya zama kogo, gara ta gama da ita." Ni kuma na kara kunnena kamar na san abin da nake saurara, na ce na ji. Wallahi ban ji komai ba. Ya kankare 'yar jar ƙasar nan da gara ke yaɓawa a jikin ɓawo ya zuba min a tafin hannu, ya dubi yarana suna wasa a gindin, ya ce, "Allah ya kiyaye, amma ni dai ba zan bar nawa su zauna a nan ba." A nan ya gama da ni. Kullum in na kwanta sai in ga kaina tsaye da kunne a jikin bishiya ina cewa na ji.

Dubu 120 na fara turawa, wai hayar injin yankan itace da fetur da kuɗin takardar izini daga malamin daji. A'a, kafin wannan ma akwai dubu 20 na "dubawa", a ranar farko, na manta. Sai dubu 45 na maganin gara da ya ce daga Legas ake kawo shi, allura za a yi wa bishiyar. Ku haɗa, 185,000. Maganin da na gani da idona baƙin mai ne na mota a jarka, shi suka shafa wa wuraren da suka yanka.

Asusun da na tura kuɗin sunan mace ne a kai. Na tambaya, ya ce na maiɗakinsa ne, nasa ya sami matsala. Uwargida ta ce min tun a daren, "Abban Ummi, mutumin nan bakinsa ya cika zaƙi." Hajiya ma ta ce, "Bishiyar da ta shekara 40 ba ta faɗi ba, sai yau da baƙo ya zo?" Na ce musu ai ilimi ne, ku bar wa masu shi. To ga ilimi nan.

Mun yi da shi zai zo ranar Asabar ina gida. Ya zo ranar Alhamis ina makaranta. Kafin in dawo sun sare kan bishiyar gaba ɗaya, manyan rassa biyar, sun bar gungume tsaye kamar turken wuta. Reshen da na kira shi dominsa kuwa ko igiya ba su ɗaura masa ba, suka sake shi ya faɗo ya rushe katangar maƙwabcina ya tsinke wayar da ta shiga gidansa. Dattijo ne, abokin Baba. Da na je ba shi haƙuri bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Ɗana, da ka tambaye ni." Gara a ce zagina ya yi.

Itacen kuma fa? Mota biyu suka loda. Sun ce wa Hajiya za su kai a ƙone ne don kada gara ta bazu cikin gida. Maɗaci! Itacen da kafintoci ke nema ido rufe don ƙofa da kujera, ƙananan rassan kuma masu gidan burodi su saye. Wato na biya shi 185,000 ya sace min itace.

Malamin daji na gaske sai ranar Litinin ya zo, shi ma maƙwabta ne suka kai ƙara. Babu wata takardar izini da aka nema, saura kaɗan ni a ci ni tara. Da ya ga halin da nake ciki ya tausaya, ya kai ni gindin ya nuna min wurin yankan: jajir, a cike, babu kogo ko na shigar yatsa. Ya ce ƙasar garar nan ta saman ɓawo sau da yawa busasshen ɓawo kawai take ci. Ya ce mai sanin aiki ba ya cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rassan bishiya a lokaci guda, kuma babban reshe sau uku ake yanka shi: a fara tsagawa ta ƙasa, a yanke ta sama a ɗan gaba, sannan a gyara dungun a daidai wuyan reshen, don kada nauyinsa ya ɗaye ɓawon. Nawa an ɗaye shi ya fi tsawon hannu a wuri biyu. Baƙin man ma cutar da ita zai yi. Ya ce za ta iya tofo, amma tofon da ke fitowa bayan irin wannan saran ba shi da ƙwari, shi iska ke karyawa nan da 'yan shekaru. Ina neman maganin reshe ɗaya, yanzu na sayo goma.

Lambarsa a kashe tun ranar Juma'a, ya toshe ni a WhatsApp, shafin ma ya canza masa suna. Hotunan aikin da na gani ashe na wasu ne ya kwaso. Ina da rasit ɗin taransifa duka uku, da hirarmu, da muryarsa yana cewa "gara ta gama da ita". Na kai wa 'yan sanda, kuma zan ɗora hotunan a nan da zarar na rufe sunan matar, don ban sani ba ko ita ma amfani da ita aka yi.

Ku dai in za a taɓa muku bishiya, ku fara zuwa sashen gandun daji na ƙaramar hukumarku, ku ga takarda da idonku, kada ku biya kafin aiki, kuma ku tsaya a wurin.

Gyaran katanga mai gini ya ce dubu 70, ban da waya. Yau da azahar Hajiya ta fito da tabarmarta kamar kullum, ta tsaya tana dube-dube, ta naɗe ta koma ɗaki.