Shekara guda da Python a rumfar albasa

Bara na rubuta wa kawuna ɗan shirin kwamfuta mai riƙe masa lissafin albasar da ake kawo masa daga Wurno da Goronyo: buhu nawa ya shigo, wa ya ɗauka bashi, nawa ya rage. Da Python, wani harshen rubuta shirin kwamfuta, na rubuta shi, kuma da shi muke aiki har yau.

Tsabtarsa ce ta fara burge ni. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan da ya fitar da shi a 1991, ya wajabta a riƙa tura layi ciki daidai wa daida, in ka karkace shirin ya ƙi tashi. Abokaina masu aiki da harshen JavaScript a nan Sakkwato suna cewa takura ce. Ni kuwa bayan wata huɗu na buɗe aikina, na karanta shi tiryan-tiryan ba tare da na tsaya tunani ba.

Sai haruffanmu. Tun Python 3 na 2008, ƙ da ɗ da ɓ suna zama lafiya lau, har "kuɗi" na sa wa wani ma'ajin lissafi suna, ya karɓa. Wajen jera sunaye ne kawai yake jefa masu farawa da Ɗ ko Ƙ can bayan Z, sai da na tsara masa jerin da hannu.

Inda ya ɓata mini rai shi ne sakacinsa da nau'in bayani. Duk abin da ka buga masa, rubutu yake ɗaukarsa, ba lamba ba. Wata rana da la'asar, ga mai saye a tsaye, na sa farashi 500 sau 3, allo ya nuna 500500500. Bai yi ko gargaɗi ba. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, ɗauko mini littafina." Abin ya tsaya mini a rai, domin amanar dukiyarsa ya ba ni. Harshe irin Go ba zai ma yarda shirin ya haɗu da wannan kuskure ba.

Yanzu ina rubuta alamar nau'i, wato alamar da ke nuna ko abu lamba ne ko rubutu, wadda ta shigo a Python 3.5 a 2015, in bi da mypy, shirin da ke duba waɗannan alamomin ya tono kuskure, kafin in kai wa kawu kowane gyara. Mai koyo ya fara da Python, ina goyon baya ɗari bisa ɗari, amma in lissafin kuɗin mutane zai taɓa, ya sa mypy tun ranar farko.