Manhajar da ke lura da wutar tanderun kok: abin da na gani a wata bakwai

Kok ɗin da nake magana ba na sha ba ne. Kwal ne da ake gasawa a rufaffen tanderu, ba iska, zafi ya haura digiri 1,000, har wajen awa 18, sannan a turo shi waje a kai shi narka ƙarfe. Na yi wata bakwai ina koyon aikin a wata masana'anta kusa da Dhanbad, a jihar Jharkhand ta Indiya, kuma a gabana aka ɗora musu manhajar da ke daidaita wuta da kanta.

Da can mutum ne zai hau saman tanderu da ma'aunin zafi, ya leƙa rami bayan rami, ya sauko ya ce a ƙara gas ko a rage. Matsalar kuwa bulon tanderu ba ya amsawa da wuri. Ka ƙara wuta yanzu, sai bayan awanni ka ga sakamako, lokacin ka riga ka zarce.

A damina na sara wa manhajar nan. Kwal yana zuwa jiƙe sharkaf, ruwan da ke jikinsa yana shanye zafi, kok ya fito ɗanye da baƙin hayaƙi. Ita kuwa tana duba damshin kwal, da nauyin da aka zuba, da ƙarfin gas ɗin da ake ƙonawa, ta gyara lissafinta tun kafin tanderu ya huce. In injin turo kok ya tsaya, ta rage wuta da kanta. Wallahi ranar farko na zaci wani ne ya taɓa.

Aibinta ɗaya, kuma ba ƙarami ba: duk abin da ma'auni ya faɗa mata ta yarda. Wani dare ma'auni guda ya lalace yana nuna sanyi, ta yi ta ɗura gas, sai da wani dattijon ma'aikaci ya lura da launin wutar ya mayar da aikin hannu. Allon manhajar ma ya cika lambobi, sabon shiga sai ya rikice.

Zan ce a saya, amma da ma'auni biyu a kowane wuri, kuma kada a sallami masu hawa saman tanderu. Ina kallon allon nan ina tuna tanderun kok na masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a Najeriya, da aka gina tun zamanin Tarayyar Sobiyet, har yau bai gasa kwal ba.